Sauya pulin kiranshaf a gida: dole sai da ƙarfen kamfani, ko dabara ta isa?

Ɗan Nima:
Assalamu alaikum mastoci. Corolla ce ta 2006, inji 1ZZ, giya otomatik. Pulin ƙasa, wato na kiranshaf mai juya bel, yana rawa idan inji na silo, bel kuma yana kuka da zarar an kunna esi. Ana so a sauya shi a gida ran Asabar. Babu ƙarfen riƙe puli na kamfani, babu bindigar noti. Abin da ke hannu shi ne soket, dogon hannu, jak da sitan biyu na tokare mota. Zai yiwu da waɗannan, ko sai an kai motar wurin makanikai a Kokompe?

Masta Suame:
Wa alaikumus salam ƙanina. Kafin ka sa soket, fara tabbatarwa pulin ne ya mutu, don kukan bel kaɗai ba shaida ba ne. Pulin nan ƙarfe biyu ne: cibiya da ke zaune a hancin kiranshaf, da zoben waje wanda bel ke bi, sai roba da aka matse a tsakaninsu. Duk sanda silinda ta buga wuta, kiranshaf yakan ɗan murɗe ya dawo, robar ce ke shanye wannan girgizar. Zafi, tsufa da baƙin mai mai yoyo daga oyilsil, sil ɗin da ke hana mai fita, su ke cinye ta.

Gwajin ba ya cin ko sidi ɗaya. Kashe inji, ka ja layi da alli ko farin fenti daga cibiya, ya ratsa robar, ya hau zoben waje. Tada mota, kunna esi da manyan fitilu, murza sitiyari zuwa ƙarshe sau biyu ko uku, ka bar ta minti biyar sannan ka kashe. In layin ya rabu gida biyu, zoben na zamewa, puli ya gama aiki. In yana nan yadda ka ja shi, koma kan tenshina, mai matse bel, da pulin altaneta. Ka kuma lura da wace ce ke rawa: zoben waje kaɗai, ko har da cibiya da kan notin. In har da cibiya, to ba roba ba ce, noti ne ya saki, wannan kuma magana ce daban.

Ɗan Nima:
Masta, an ja layin. Ya rabu kamar faɗin yatsa biyu. Cibiya da noti suna juyawa daidai, zoben ne ke lilo.

Masta Suame:
To puli ne. Kada a ƙara hawa titi da ita. Bel ɗaya ne ke jan altaneta, famfon ruwa, famfon sitiyari da esi a wannan injin. Ran da zoben ya fice, caji ya tsaya, sitiyari ya yi tauri, inji ya ɗau zafi, duk a lokaci guda.

Yaron Sabon Zongo:
Yaya, ba ka buƙatar ƙarfen kowa. Stata ce za ta kwance maka. Cire tayar gaba ta dama da robar da ta rufe gefen inji. Sa soket 19 mai kusurwa shida a kan notin, ka haɗa dogon hannu, ka kwantar da wutsiyarsa a ƙasa ta wajen gaban mota. Zare fis ɗin EFI, na na'urar fesa fetur, ka cire wayoyin kwayil huɗun don kada inji ya tashi. Taɓa makulli sau ɗaya, taɓi ɗaya kawai ka saki. Za ka ji ƙas, noti ya saki.

Malam Asawase:
Dabarar tana aiki a 1ZZ, ba a musu. Amma ka faɗi rabi ka bar rabi, ƙanina, kuma wanda zai karanta ba lalle Corolla gare shi ba.

Na ɗaya, sai a injin da ke juyawa irin na hannun agogo idan ka fuskanci puli. Tsofaffin Honda masu inji D, B, F da H, wato Civic har zuwa mai D17 ta 2005 da Accord mai silinda huɗu har zuwa 2002, baya suke juyawa, notinsu kuma tiredin dama ne kamar kowane noti. Ka buga stata a kansu, ƙara ɗaure shi ka yi. A waɗannan motocin pulin yana gefen direba ne. Kowa ya kalli yadda injinsa ke juyawa da idonsa kafin ya yanke shawara.

Na biyu, dogon hannun da ya doki ƙasa yana tura motar sama. In a kan jak kaɗai take, ko sitan yana zaune a kan yashi ko jar ƙasa mai laushi, tana iya zamewa ta sauko. A sa katako mai kauri ƙarƙashin sitan, a tare tayoyin baya da dutse, a tura tayar da aka cire ƙarƙashin mota. Kada kowa ya riƙe ƙarfen da hannu, kada yaro ya tsaya a gefen.

Na uku shi ne babba: stata tana kwancewa, ba ta ɗaurewa. Wanda ya kwance da stata har yanzu bai warware komai ba, domin wajen mayarwa dole sai an riƙe kiranshaf ya tsaya cak. Tun da dai sai an nemi abin riƙewa, gara a neme shi tun farko a yi aikin duka da shi.

Yaron Sabon Zongo:
Malam, wajen ɗaurewa ai sai a sa ta a P a ja birkin hannu.

Malam Asawase:
A otomatik P ba ta riƙe inji. P tana kulle cikin giyabos ne, tsakanin inji da giyabos kuma akwai kombata mai aiki da mai, don haka kiranshaf zai yi ta juyawa abinsa. A manuwal ne wannan ke aiki: a sa giya mafi girma, ta huɗu ko ta biyar, wani ya taka birki da ƙarfi don inji a kashe birki ba shi da taimakon iska, a mayar da notin taya biyu su riƙe faifan birki a gefen da aka cire taya. Ko a nan ma za ka ji ƙarfen yana dawowa kamar roba, saboda sifirin ɗin kuloci da shaf suna shanye ƙarfinka, in kulocin ya tsufa kuma zamewa zai yi.

Mai Walda Kokompe:
Ƙarfen kamfanin nan ba wani sihiri ba ne. Na Toyota hannu ne mai baki biyu da turaku biyu da ke shiga ramukan cibiyar puli. Kowane mai walda zai yi maka shi cikin rabin awa.

Nemi faffaɗan ƙarfe mai kaurin milimita 6, faɗi 40 zuwa 50, tsawo kamar santimita 70. Yanki wani guntu na santimita 20 daga irinsa. Haɗa guntun da dogon da noti ɗaya, kamar santimita 15 daga baki, yadda zai buɗe ya rufe kamar almakashi. Huda rami a bakin kowanne. In ramukan pulinka suna da tiredi, galibin na Toyota M8 ne, sai ka ɗaura ƙarfen kai tsaye da noti biyu masu lamba 8.8 ko 10.9 a kai. In ba su da tiredi, notin ya zama turke kawai, ka ɗaure shi a jikin ƙarfen ya leƙa cikin ramin. Ka bar tsakiya a buɗe soket ya samu hanya. Wutsiyar kuma ta tokare ƙasa ko shasi.

Abu ɗaya da ke ɓata wannan aikin: noti mai tsawo. In ya zarce bayan puli zai tokari murfin taimin, wanda alminiyom ne, ya fasa shi. Auna zurfin da waya kafin ka ɗaura. Kuma ramukan cibiya za ka kama, ba zoben waje ba. Tun da sabon puli zai zo hannunka kafin Asabar, kai shi wurin mai walda a auna ramukan a jikinsa.

Baba Aboabo:
Akwai ta igiya, ta mutanen da. A cire fulogin silinda ta ɗaya, a zura igiyar nailan mai tsabta mai kaurin milimita 6 zuwa 8, kamar mita ɗaya, a bar wutsiyarta a waje. Fiston ya taso ya matse ta, inji ya tsaya. Sharaɗinta bawul biyun su kasance a rufe. Wajen ɗaurewa, a zura ta lokacin da fiston ke hawowa a bugun matsa iska, za ka gane da iska tana turo yatsanka a ramin fulogi. Wajen kwancewa, a bar fiston ya gama wannan bugun na matsa iska, ya wuce sama ya fara sauka, a zura, sannan a juya baya kaɗan har ya tokare. Wanda ya zura lokacin da bawul ke buɗe ya lanƙwasa bawul, aikin awa biyu ya koma cire kan inji.

Masta Suame:
Baba, Allah shi ƙara girma, igiya ta fitar da mutane kunya da yawa, amma ni ina ajiye ta a ƙarshen layi. Duk nauyin yana sauka ne a kan fiston ɗaya da sandarsa. A notin Corolla za ta ɗauka. A notin da ke neman ƙarfin ɗaurewa 200 ko 300 N·m, wato ma'aunin ƙarfin murɗa noti, ban yarda da ita ba, a dizal kuma babu ma maganarta. Gara a cire stata ko ƙaramin murfin da ke ƙasan giyabos a kulle haƙoran fulawil, faifan da ke bayan inji, da guntun ƙarfe da aka ɗaure da noti. A ɗaure shi fa, ba a cusa sukudireba a riƙe da hannu ba. Sukudireba tana karya haƙori, ko ta tsaga gidan kuloci.

Akwai masu naɗa tsohon bel a puli su kama da sifanar sarƙa. A tsohon pulin da robarsa ta riga ta saki, zoben zai juya ya bar cibiya a tsaye, ba ka riƙe komai ba. A sabon puli kuma duk ƙarfin ɗaurewar ta cikin robar zai bi, ka raunata ta tun ba ta yi kwana ɗaya a mota ba.

Alhajin Abossey Okai:
Ku bar ni in shigo ta wajen kaya, don rabin waɗanda ke dawowa da kuka ba noti ne ya ba su matsala ba, puli ne bai dace ba. Ka zo da tsohon a hannu ko lambar shasi. A dubi abu huɗu: yawan layukan bel, faɗin zoben, nisan layukan daga bayan cibiya, da ramin ki, ɗan ƙarfen da ke saita puli a hancin kiranshaf. Biyu za su yi kama a ido, amma ɗaya ya fi ɗaya leƙowa da milimita biyu ko uku, sai bel ya riƙa cin gefe yana zare-zare har ya fice.

In hom-yus za ka saya, wato wanda aka ciro daga wata mota, ka tuna robarsa shekarunta ɗaya da motar da aka ciro shi. Danna ta da farce ta gaba da ta baya. In ta tsattsage, ko ta kumburo waje, ko ta yi laushi tana naso da mai, ajiye. Ka duba wuyan cibiya inda leɓen oyilsil ke gogawa, in farce yana maƙalewa a layin da ya ci, mai zai yi yoyo ko da sabon sil. Wanda aka buga da guduma wajen cirowa ma za ka ga tabo a gefen layukan.

Ka haɗa da oyilsil na gaba da sabon bel. Tun da puli ya fita, sil ɗin yana gabanka, kuma in shi ne ke jiƙa robar da mai, sabon pulin ma hanyar tsohon zai bi.

Direban Trotro Madina:
Alhaji, wasu suna kai wa a yi walda a haɗe zoben da cibiya, ko a huda a ɗaure su da noti. Sun ce ya fi na kanti ƙarko. Me kuka gani?

Mai Walda Kokompe:
Zai daina zamewa, gaskiya ne. Amma aikin da aka yi pulin dominsa ya mutu. Girgizar da roba ke sha yanzu za ta koma kan kiranshaf, metal ɗin da yake juyawa a kai, sarƙar taimin da famfon mai. Zafin walda yana karkatar da zoben, nauyin waldar kuma ba ya zama daidai ko'ina, sai ya riƙa dukan sil. A Sprinter ɗinku ta trotro, mai injin dizal, abin ya fi muni, domin bugun dizal ya fi na fetur nauyi nesa ba kusa ba, kuma abin da ke biyo baya shi ne kiranshaf ya tsage. A matsayin a lallaɓa mota ta isa gareji, to. A matsayin gyara a ɗauki fasinja zuwa Kumasi, a'a.

Malam Asawase:
Bari in dawo da mu kan tambayar asali, don amsar ba ɗaya ba ce ga kowace mota. Abin da ke raba su shi ne ki. A 1ZZ, 1NZ na Vitz da Yaris, 2AZ na Camry, injinan Honda da Theta na Sonata, akwai ɗan ki ko ɗan turke a hancin kiranshaf wanda ke riƙe giyar taimin da puli a mazauninsu. Ka cire noti, ka cire puli, taimin bai motsa ba. Waɗannan ana yin su a gida da ƙarfen mai walda lafiya lau.

Akwai kuma injinan da ba su da ki sam. Tsofaffin Mazda 3 da Mazda 6 masu 2.0 da 2.3, da Ford Focus da Escape masu injin Duratec irinsa, matsin notin ne kaɗai, da wasu siraran washa masu kaushi, ke riƙe giyar taimin. Da ka sassauta notin, kiranshaf da kamshaf, mai buɗe bawul, sun rabu. Bawul da fiston kuma hanya ɗaya suke bi a wannan injin, in lissafi ya kauce sai su haɗu. A nan dole sai da turken da ake ɗaurawa ta gefen bulok ya tsayar da fiston na ɗaya a sama, da faffaɗan ƙarfen da ke shiga tsagin bayan kamshaf biyun bayan an cire murfin bawul, da ƙaramin noti M6 da ke daidaita puli da murfin taimin. Wannan M6 ɗin na saiti ne kawai, wanda ya bar nauyin ɗaurewa a kansa ya fasa murfi. Notin tsakiya sabo ake sawa, 100 N·m sannan a ƙara digiri 90. Faifan da sensa ke karantawa ma a jikin pulin yake, in ya kauce mota ba za ta tashi daidai ba.

Haka 2.0 TSI na Volkswagen da Audi: pulin da giyar sarƙa haƙora ne ke haɗa su da kiranshaf, in noti ya fita aka juya inji ko giyar ta zame, taimin ya tafi. Wanda ya buga stata a ɗaya daga cikin waɗannan, injin ya juya ba tare da kamshaf ba. Mai irin waɗannan motoci ya ari kayan saitin ko ya kai wa wanda ke da su.

Yaron Sabon Zongo:
To Malam, bindiga fa? Kowane falkanaiza yana da ita a bakin titi.

Masta Suame:
Wajen kwancewa a inji mai ki, bindiga ita ce mafi sauƙi, ba ta ma buƙatar a riƙe puli sosai. Sai dai dogon ƙari tsakanin bindiga da soket yana murɗewa ya shanye bugun, shi ya sa take gazawa a Honda. Notin Honda sai soket 19 mai kauri da nauyi, ko kuma ƙarfe mai kusurwa shida na milimita 50 da ke shiga cikin cibiyar pulin, da hannu mai baki inci uku bisa huɗu da fayif. A ɗora ƙarin a kan sitan daidai tsayin notin don kada soket ya karkace ya cinye kan noti.

Wajen ɗaurewa kuwa bindiga ba ta san lamba ba. Ko ta bar shi sako-sako, ko ta ja shi har ya miƙe. Kuma kada a sa wutar gas a kan notin don ya saki, roba da sil suna nan kusa.

Ɗan Nima:
Na gode mastoci. Za a yi ƙarfen mai walda. Masta, a jero mini aikin daga farko, da lambar ɗaurewa.

Masta Suame:
Inji ya huce. Cire kan batir na nagatif. Sassauta notin taya, ɗaga mota, sa sitan, cire taya da robar gefe. Ɗauki hoton yadda bel ya zagaya kafin ka taɓa shi, mutane da yawa a nan suke kwana. Tenshinan 1ZZ yana da kai mai lamba 19 a jikinsa, ka danna shi ta hannun agogo a hankali, don akwai ɗan shokabzoba a ciki, in ka fizga kan yana karyewa. Zare bel.

Ɗaura ƙarfen riƙewa, kwance notin tsakiya. Sau da yawa pulin Corolla yana fitowa da hannu in ka girgiza shi hagu da dama. In ya ƙi, fesa man kwance tsatsa ka jira, sannan ka sa pula mai kama ramukan cibiya. Mayar da tsohon notin ya shiga zagaye huɗu ko biyar, bakin pula ya tokare kansa, don kada ya ɓata tiredin cikin kiranshaf. Pula mai ƙafa uku da ke kama bakin zobe zai fizgo zoben ne ya bar cibiya. Kada ka sa ƙarfen taya ka banƙara a jikin murfin taimin.

Da ya fita, duba ɗan ki da raminsa. Ya zauna daram, gefensa a miƙe. Ciro tsohon sil da ƙugiya ba tare da ka karci hancin kiranshaf ba. Shafa ɗan baƙin mai a leɓen sabon, tura shi da babban soket ko guntun fayif mai faɗinsa har ya yi daidai da fuskar murfi, kada ya karkace. Goge hancin, shafa mai kaɗan a wuyan sabon puli, daidaita tsaginsa da ki, tura da hannu har ya zauna. In ya yi tauri, jawo shi da noti mai tsawo da washa. Guduma ba ta da wuri a nan: bugun yana sauka ne a kan metal ɗin da ke hana kiranshaf zuwa gaba da baya.

Notin 1ZZ 138 N·m ne. Mayar da bel, tabbatar ya zauna a kowane layi, juya inji zagaye biyu da hannu ta hannun agogo, sannan ka tada.

Malam Asawase:
A kula da ma'auni. Galibin Corolla da ke saukowa ta tashar jirgin ruwa ta Tema daga Amurka da Kanada suke, littattafansu da fam-ƙafa suke rubutu. 138 N·m shi ne fam-ƙafa 102, shi ne kilogiram-mita 14 da ɗan kai. Wanda ya ga 102 ya saita sifanarsa a N·m ya ɗaure ƙasa da yadda ake so da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ya saita 138 a fam-ƙafa ya kai 187.

Kowane inji da nasa: 1NZ 128, 2ZR na Corolla da suka biyo baya 190, Theta 2.4 tsakanin 167 da 176, QR25 na Altima da Rogue 42 sannan digiri 60. Sprinter mai noti ɗaya a tsakiyar puli soket 27 ne, lambarsa daga 200 take farawa sannan a ƙara digiri, kuma tana sauyawa da irin injin da lambar da ke kan notin, don haka a duba ta injin da ke gabanka.

Ɗan Nima:
Matsalar ita ce babu sifanar awo. Akwai hanya?

Malam Asawase:
Aro ya fi. In bai samu ba, nauyin jikinka ma'auni ne. Ƙarfin murɗawa nauyi ne sau tsawo. Ɗauki 138 ka raba da nauyinka a kilo sau 9.8, abin da ya fito shi ne nisan da za ka taka daga tsakiyar noti, a mita. Mai kilo 70 zai taka a santimita 20. Mai kilo 80 a santimita 17 da rabi. Yi alama a jikin dogon hannun, ka sa shi ya kwanta a miƙe yana kallon gaban mota, ka tallafi ƙarin da sitan, ka ɗora ƙafa ɗaya a kan alamar, ka sauke nauyinka duka a hankali. Ba tsalle, ba jingina da mota. In ƙarfen ya sunkuya, cire soket ka mayar da shi a miƙe ka sake, har ya daina motsi. Ka hau sikeli tukuna, kada ka yi lissafi da nauyin da kake tsammani.

Masu digiri kuma sauƙi gare su. Kan noti kusurwa shida ne, daga kusurwa zuwa ta kusa da ita digiri 60. Digiri 90 kwatan zagaye ne. A yi alama da fenti a kan noti da jikin puli bayan matakin farko, a ja har alamar ta isa.

Baba Aboabo:
Ni dai a sa Loctite, gam ɗin riƙe noti, a huta. Noti ba zai taɓa kwancewa ba.

Masta Suame:
Baba, a nan kam zan saɓa maka. Ba kwancewar noti kaɗai ake tsoro ba. Aikin notin shi ne ya matse puli da giyar taimin a jikin kafaɗar kiranshaf har su zama kamar ƙarfe ɗaya. Ɗan ki saiti kawai yake yi, ba a yi shi don ɗaukar kaya ba. In matsin bai kai ba, ko da gam ya riƙe notin bai juya ba, pulin zai riƙa ɗan motsi gaba da baya a kowane bugu, ya ci ki, ya faɗaɗa raminsa. Alamarsa jar ƙura kamar tsatsa a kewayen notin, mota ta rasa ƙarfi, wuta ta kama a dashbod da lamba irin P0016. In ramin ki na kiranshaf ya lalace, magana ta koma sauke inji. Masu tsohuwar Picanto ta tasi sun san wannan ciwon. Sannan wasu kamfanoni, kamar Honda da Nissan, cewa suka yi a shafa baƙin mai a tiredi da ƙarƙashin kan notin, lambar da suka bayar da man aka auna ta. Ka sa gam a wurin mai, lissafin ya sauya.

Alhajin Abossey Okai:
Kan maganar sake amfani da tsohon noti: wanda ake ɗaurewa da digiri mai yawa, irin na Mazda, Ford, Volkswagen da Sprinter, miƙewa yake yi, sau ɗaya ake amfani da shi. Na Corolla ana mayar da shi in tiredinsa lafiya, kansa bai cinye ba, wuyansa bai sirance ba. Kada a je wurin masu noti a ɗauko kowane mai kama da shi. Tsawo, tiredi da faɗin washa duk sai sun zo ɗaya, in ya fi tsawo zai taɓa ƙasan rami ya yi tauri alhali bai matse puli ba.

Direban Trotro Madina:
Mu masu Sprinter ke nan ba mu da rabo a aikin gida?

Masta Suame:
Kuna da shi in akwai abin kulle fulawil, sabon noti, hannu mai baki uku bisa huɗu da fayif mai tsawon mita ɗaya da rabi, sannan a cire fanka da rumfarta don a samu wuri. Kada a riƙe ta giya da birki, ƙarfin ya yi wa kuloci da fulawil yawa. Ku kuma duba pulin altaneta a lokaci guda: irin mai sakin gefe ɗaya ne, in ya kafe bel yana ta kaɗawa yana dukan tenshina, mutum ya ɗauka pulin ƙasa ne. Da bel a cire, riƙe cikin altaneta ka juya pulin da hannu, ya kamata ya kama ta gefe ɗaya ya sake ta ɗayan.

Ɗan Nima:
Bayan an gama, me za a duba a tabbatar aiki ya yi?

Masta Suame:
Tada ta a silo ka haska tocila ta gefen taya. Zoben ya juya a miƙe ba lilo, bel ya tsaya a tsakiyar kowane puli. Kunna esi ka saurara. Auna batir inji na aiki, ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5. Ja sabon layin fenti daga kan noti zuwa cibiya, wani kuma daga cibiya zuwa zobe. Bayan kwana biyu ko uku na zirga-zirga, leƙa ka ga layukan suna nan, ka shafa yatsa ƙarƙashin pulin ka ga ko sil yana jiƙa. Robar gefen nan ma a mayar da ita da dukkan maɓallanta, ita ke tare ruwa da yashi daga bel in damina ta sauka.